Ranar da Kakata Ta Hana Ni Shan Guba

Ko me zan manta na zamana a sakandare a Gumel, ban da ranar rabon kyaututtuka ta shekararmu ta ƙarshe. A zangon nan malaminmu na adabin Turanci, Malam Sabo, yana koya mana wani tsohon wasan kwaikwayo na Turawa: saurayi da budurwa suna son juna, gidajensu na gaba, ƙarshe duk suka mutu. Ni kuwa wasan ya shige ni. Na haddace kamantawa da siffantawa, har miyar kukar makaranta sai na kamanta ta da wani abu kafin in sha. Abokaina sun gaji da ni.

Da Malam ya ce za mu nuna wa iyaye ƙarshen wasan, ni na fara ɗaga hannu, aka ba ni saurayin. Makarantar maza ce, don haka Habu ɗan Gagarawa aka naɗa wa mayafi ya zama budurwa (Habu da gashin baki ya fara tsiro masa, ku duba wannan jarrabawa). Na aika garinmu Maigatari cewa kowa ya zo. Babana direban babbar mota ne, ya ajiye lodi ya taho, ya kuma ɗauko mahaifiyarsa, Hajiya Kaka, wadda ta raine ni, ba ta kirana da komai sai "Maigida".

Kafin a fara, Malam ya yi wa iyaye bayani da Hausa: yarinyar maganin barci ta sha, amma saurayin ya ɗauka ta mutu, shi ya sa zai sha guba. Habu ya miƙe a kan benci. Na fito ina zuba Turanci da wata murya da ni kaina ban san ina da ita ba, na dafe ƙirji, na zaro 'yar kwalba (zoɓo ne a ciki). Wuri ya yi tsit. A raina na ce yau Gumel za ta san da ni.

Sai na ji daga layin gaba: "Maigida! Kada ka sha! Barci take yi!"

Na yi kamar ban ji ba, na ɗaga kwalbar sama. Ashe tsohuwa ta taso. Matar da kullum ke kukan gwiwa, ban san yadda ta hau dandamalin nan ba. Ta fizge kwalbar, ta kama kunnena.

"Ba ka ji abin da Malam ya ce ba? Kowa a nan ya ji, sai kai? Kalli cikinta yana motsi!"

"Hajiya, wasa ne," na ce ƙasa-ƙasa.

"Na san wasa ne. Ko a wasa ban yarda ba. Ni na yi jinyarka da ka yi ƙyanda, ba ka mutu ba, sai a kan wannan?" Ta yaye mayafin don ta ga wace ce, ta yi arba da gashin bakin Habu. "La'ilaha illallahu! Wannan ce budurwar?"

Gawa ta fashe da dariya har ta faɗo daga benci. Shugaban makaranta ya rufe fuska da hularsa, babana yana share hawaye. Ni dai na tsaya, kunnena a hannunta, ina addu'ar ƙasa ta tsage.

Ran Litinin na shiga aji ina jiran faɗa. Malam Sabo ya ce akwai dabarar da marubuci ke sa 'yan kallo su san abin da ɗan wasa bai sani ba, don hankalinsu ya tashi. "Na daɗe ina neman yadda zan fahimtar da ku, sai ga Hajiya ta yi min aikin. Ka gaishe ta." Ranar jarrabawa aka yi tambaya a kan dabarar, babu wanda ya faɗi, ni kuma har muka gama sunana "Kada-ka-sha".

Da na je hutu na yi mata ƙorafi ta kunyata ni. Ta tura min kwanon fura, ta ce, "Turawan nan ba su da kakanni ne? Da akwai tsohuwa ɗaya a gidan, da yaran nan suna nan da ransu."

Na ja kwanon na sha furata. Abin da na koya dai shi ne: in za ka mutu a gaban jama'a, ko da na ƙarya ne, kada ka ba mai ƙaunarka kujerar gaba.