Ɗan Fashin Tasin Karu

Ni ne mai ce wa sababbin marubuta su karanta zancen taurarinsu a bayyane, don kunne ya fi ido kama ƙarya. Na rantse sai na gama littafina kafin azumi, har a tasi nake gyara. A hanyar Karu na karanto maganar ɗan fashin labarina da kakkausar murya: "Wanda ya motsa, gawa ne!"

Matar da ke gefena ta rafka salati. Direba ya taka birki: "Oga, sauka!"

Na ce marubuci ne ni. Ya ce in ƙarasa rubutun a ƙafa. Ni da ko kaza ban taɓa yankawa ba!

Har yau in na nemi ƙarin miya, sai matata ta ɗaga hannuwa: "Kwashe duka, Malam, kar ka harba."