Malam Izini da Jan Bironsa

Duk wanda bai ga Malam Izini yana tafiya aiki ba, to bai san yadda gwamnati take tafiya a ƙasa ba. Jami'in duba maganin ƙwari ne, kuma tun ranar da aka rataya masa kati a wuya, ƙwari da masu lambu suka daina barci mai daɗi. Katin ya ba shi ikon shiga kowane lambu, shago ko gida da ake zargin an ajiye haramtaccen magani. Shi ya sa ya yi ritaya daga sallama. Sai dai ya tura ƙofa da ƙafa ya ce, "Ina da izini." Nan sunan ya samo asali.

Mutum ne mai kiyaye doka matuƙa. Takunkumin kare numfashi ma bai taɓa barinsa a gida ba, yana nan rataye a haɓa, don kada ya danne gashin baki. Amma abin alfaharinsa jan biro ne. Duk jarkar da ya ƙwace sai ya rubuta mata AN KAMA, ya zabga sa hannu mai jela wanda kan zagaye jarkar ya dawo.

Ɗakin ajiyar ofis yana yoyo, saboda haka bawan Allah, don kishin aiki, yake kwasar jarkokin ya jibge a tsohon ɗakin kajin gidansa. Ya gargaɗi maiɗakinsa cewa magunguna ne masu ƙarfin gaske. Ita kuwa mace ce mai hannun kyauta, kuma "masu ƙarfi" kaɗai ta ji.

Ana nan sai shugabar sashe ta zo ganin aikinsa da idonta, domin a kan rahotonta ƙarin girman da ya shekara bakwai yana jira ya rataya. Malam Izini ya sha guga, ya zaɓi lambun wani tsoho mai tumatir, wanda ya tabbata ba zai iya musu ba.

"Baba, miƙe tsaye, hukuma ta iso," in ji shi. Ya juya ga shugaba. "Ranki ya daɗe, a ƙasar nan babu ƙofar da ke rufuwa a gaban katin nan. Ko ta uban wane ce. Ni hancina kaɗai ya ishe ni awo."

Ya shinshina gabas, ya shinshina yamma, ya kutsa bukkar kayan aiki. Sai ga shi ya fito da jarka, ya ɗaga ta sama kamar ya ci kofi. Murna ta hana shi duba gefen da ke kallon shugaba. Ita kuwa ta gyara tabarau, ta bi jelar jan biro da ido har inda ta ƙare.

"Baba, ina ka samo wannan?" ta tambaya.

"Ai maiɗakinsa ce ta ba ni, 'yata. Matar kirki. Duk layinmu babu wanda ba ta ba shi ba. Ta ce ɗakin ya cika, kaji sun rasa wurin kwana."

A karon farko a tarihin aikinsa, Malam Izini ya ja takunkumi ya rufe fuska.

"Mu je gidanka," in ji shugaba.

"Ranki ya daɗe, ai gida sirri ne. Ba a sanar da iyali ba."

Ta miƙa hannu ta cire katin daga wuyansa, ta rataya a nata. "Ina da izini," ta ce.

Jarka talatin da ɗaya aka samu a gidansa, kusan rabinsu wayam. Da aka manna takardar rufewa a ƙofar ɗakin kajin, shi ta miƙa wa jan biron. Ya sa hannu ɗan mitsitsi, babu jela. Sai da shugaba ta sake gyara tabarau kafin ta gano inda sa hannun yake.