Rumbun Sarkin Gajimare

A duk faɗin unguwar Arkilla babu mai ilimin Injiniya Sharifuddeen, kuma shi da bakinsa ya tabbatar mana da haka. Abokai suka laƙaba masa Sarkin Gajimare don tsokana. Ya karɓa hannu bibbiyu, har ya sa aka ɗinka masa a hula.

Aikinsa gina wa mutane shafuka a kan kwamfutocin haya na intanet, abin da suke kira gajimare. Ƙananan ma'aikata kan zauna su rubuta tsarin ginin layi-layi. Shi ya wuce nan. Manhaja yake rubutawa, ita ta haifo tsarin, tsarin ya gina komai.

"Ni umurni ni ka badawa," in ji shi. "Ban da lokacin karanta abin da na'ura tar rubuto."

Bahijja yake so, 'yar Alhaji Mani dillalin dabbobi, Alhaji kuwa ya ce sai ya ga amfanin sana'ar tukuna. Sai Injiniya ya gina masa shafin sayar da ragunan Layya. Alhaji ya yi makonni yana bin garke da waya, kowane rago da hotonsa da bayaninsa. Duk suka shiga rumbun ajiyar shafin mai suna "raguna".

Sunan nan ya tsaya wa Injiniya a rai. Gini kamar wannan, a ce babu sunan magini? Ranar da Alhaji ya tara abokan kasuwa a rumfarsa su sha kallo, gogan ya sha babbar riga, ya buɗe kwamfuta, ya sauya wa rumbun suna. Shi kuwa tsarin, da zarar suna ya canza, rushe tsohon rumbu yake ya gina sabo. Kwamfuta ta gargaɗe shi da jan rubutu, ta tambaya ko ya tabbata. Ya danna e, idonsa na kan jama'a.

"Baba, ku duba ku ga aiki."

Alhaji ya duba wayarsa, ya goge ta da hannun riga, ya sake dubawa.

"Sharu, ina ragunan sunka tahi?"

Babu ko ƙaho. Kunya ta rufe Injiniya, zufa ta jiƙa hular sarauta. Layi ɗaya ya rage a shafin, Alhaji ya karanto wa jama'a a tsanake: "Rumbun Injiniya Sharifuddeen, Sarkin Gajimare: babu komai a ciki."

Ya mayar da waya aljihu.

"Wagga na'ura ba ta ƙarya. Batun Bahijja, mu dakata sai an zuba wani abu."