Jirgin Nuhu a Sersouf

Da muka rasa takardun sa tagwayenmu a lekkol, na ce wa matata ta kwantar da hankalinta, ni zan koyar da su a gida. Ni da nake jan addu'a ran Lahadi, 'yan shekara shida ne za su gagare ni?

Ranar darasin Nuhu na ɗaga yatsa na ce, "Karatu ba surutu ba ne. Duk ranar da hadari ya haɗo, ku nuna mini abin da Nuhu ya yi." Na san a nan unguwarmu ta Sersouf a Tamanrasset sai a shekara ba a ga ruwan kirki ba.

Kwana uku tsakani, sama ta yi baƙi. Na dawo na tarar da awaki biyu a kan katifarmu suna cin takardun darasina. Mu kuwa ko kaza ba mu da ita. Ga mai awakin, maƙwabcinmu Alhaji Isufu, a ƙofa yana shirin kiran jandarma.

Tagwayen suka ce, "Baba, saura raƙuma."

Har yau, da gajimare ya gilma, sai Alhaji ya ƙwala kira ta katanga: "Ku ɗaure awakinku, Malam ya shiga aji!"