Baƙin Cikin Injin Wanki

Wani ne ya sayo injin wanki, ya kafa shi a lungun banɗaki. Da farko lafiya lau. Can sai kayansa suka fara wari, irin na tsumman da ya kwana a jiƙe. A wurin aiki, wanda suke tebur ɗaya da shi ya ja kujerarsa zuwa bakin taga. Oga ya kira shi gefe ya ce, "Ko ka gyara, ko na mayar da kai sito."

Ya kira mai gyara. Mai gyara ya durƙusa, ya ɗaga robar bakin ƙofar injin, ya lakato wani baƙin abu mai yauƙi a yatsa.

"Ka ga wannan? Ƙwayoyin cuta ne. Sun taru sun yi gida, sun lulluɓe kansu da yauƙi, ruwa ba ya cire su."

"Masu rai ne?"

"Da ransu."

"Su nawa?"

"Miliyoyi."

Mutumin ya kalli matarsa. "Kin ji ko? Ke da kike cewa gidan nan ba ma yin baƙi."

Ya juyo. "Me suke ci?"

"Ragowar sabulu da dattin kayanka."

Mai gyara ya ce zai dawo da magani. Yana fita mutumin ya kafa doka: ba wanki a gidan nan sai yunwa ta kashe su. Ya yi ta maimaita riga ɗaya. Kafin mako ya ƙare yana sito, mai gadin siton kuma ya nemi canjin wuri.

Matar ta ce, "Baban yara, su fa ba su rame ba. Mu ne muke mutuwa."

Ya buga wa mai gyara waya. Mai gyara ya ce, "Wa ya ce ka daina wanki? Ka kunna shi da ruwan zafi, babu kaya a ciki. In ya gama ka bar ƙofar a buɗe."

Ya yi hakan. Ya buɗe ƙofar, ya jawo kujera, ya cire silifas ɗaya ya riƙe. Surukinsa ya zo gaisuwa, ya tarar da shi a haka.

"Lafiya?"

"Shhh, Baba. Fitowarsu nake jira."

Tsohon ya cire nasa takalmin ya zauna kusa da shi. Har yamma shiru.

Mutumin ya sake buga wa mai gyara waya. "Malam, ko ɗaya bai fito ba."

"Fitowa kuma? Don iska ta shiga ne ya bushe. Ai ba a ganinsu da ido."

Mutumin ya yi tsalle ya rufe ƙofar injin da ƙarfi, ya jingina da ita yana haki.

"Ba a ganinsu, shi ne ka sa na bar ƙofa a buɗe tun safe? To wa ya san adadin waɗanda suka shiga?"