Ɗan Beli Ba Ɗan Gidan Ba Ne

Ba zan taɓa mantawa da ranar da magabatan Kabiru suka zo Turawa neman auren ƙanwata Sa'adatu ba. Ko na so in manta, mutanen gidanmu ba za su bari ba.

Kafin in kai ku zauren, bari in faɗi sana'ata, wadda har yau Innarmu ba ta iya faɗa wa maƙwabta sai ta kawar da kai. Ƙwari nake karanta. Ba ma irin fara ba, da ke cinye gona har a ji a rediyo. Wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne mai ruwan ƙasa, bai kai ƙwayar dawa ba, da ke zama cikin gyadar da aka ajiye a rumbu. Masana sun raba ƙwari gida-gida, kamar yadda ake raba mutane zuri'a-zuri'a, kuma tun zamanin Turawa (na mulki nake nufi, ba garinmu ba) wani ya sa wannan ƙwaron a wani gida. Aikin digirina na uku shi ne in gano ko gidan nan nasa ne, ko kuwa jingina shi aka yi.

Shekaru na yi a kan babur tsakanin Turawa da Zoza da Beli, ina roƙon manoma su bar ni in leƙa rumbunansu. Sa'o'ina sun gama karatu, sun yi gidaje, 'ya'yansu har sun shiga firamare, ni kuwa ina nan da kwalaben ƙwari. Na gaji, gajiyar da barci ba ya maganinta. Don sauƙin magana, ni da Farfesan da ke duba aikina muka saba kiran ƙwarin da sunan garin da na ɗebo su: ɗan Turawa, ɗan Zoza, ɗan Beli. A ido duk ɗaya suke. Idan ana son a rarrabe su, sai an sa namijin a ƙarƙashin madubin da ke ƙara girman abu, an duba al'aurarsa. (Ku yi haƙuri, haka ilimin ya zo mana, ba ni na ƙirƙiro shi ba.)

To shi Kabiru, manemin Sa'adatu, mutumin Beli ne. Da maganarsu ta yi ƙarfi, Baba ya kira ni ya ce tunda kullum ina hanyar Beli, ni zan yi wa yaron bincike, kamar yadda ake yi kafin a ba mutum mata. Na yi kuwa. Na tambayi liman, na tambayi abokan nomansa, ban ji komai ba sai alheri. Abu ɗaya kawai aka faɗa mini da murya ƙasa-ƙasa: mahaifinsa baƙo ne da ya zo aikin gona ya zauna, ya rasu yaron yana rarrafe, kawunsa Malam Hudu ne ya ɗauke shi ya riƙe. Na kawo wa Baba labari, ya ce wannan ba abin dubawa ba ne, a ce su turo.

Ranar da suka zo, bayan la'asar, aka shimfiɗa tabarmi a zaure. Malam Hudu ne a gaba, dattijo siriri mai farin gemu, da ƙanensa da wasu mutum biyu, sun ajiye goro da alewa a gefe. An gaisa, an tambayi iyali, an tambayi damina, an sake tambayar iyali. Malam Hudu ya gyara zama ke nan zai shiga maganar da ta kawo su, sai wayata ta yi ƙara. Farfesa ne, wanda na yi makonni ina nema ban samu ba. Na nemi gafara na fita.

Duk gidanmu wuri ɗaya ne waya ke kamawa sosai: jikin bangon zaure ta waje, daidai ƙarƙashin 'yar taga. Shi kuma Farfesa kunnensa ya fara nauyi, ga shi a cikin mota. Saboda haka na buɗe murya kamar mai shela.

"Ranka ya daɗe, na gama binciken," in ji ni. "Ɗan Belin nan ba ɗan gidan ba ne."

"Me ka ce?"

"Na ce ɗan Beli ba ɗan gidan ba ne. Tun asali jingina shi aka yi da dangin da ba nasa ba, kowa kuma ya yi shiru aka tafi a haka."

Ya tambaye ni ko na tabbata. Ni kuma da ƙarfin gwiwar wanda ya sha wuya, na ce, "Ranka ya daɗe, har al'aurarsa na duba. Sam ba ta yi kama da ta sauran 'yan gidan ba. Dole a fitar da shi."

Farfesa ya sa mini albarka. Rabon da ya yaba mini har na manta. Na komo zaure ina murmushi, na yi sallama, na zauna.

Ba wanda ya amsa sallamar. Baba yana kallon tabarma kamar an ce ya ƙirga zaren da ke jikinta. Na dubi fuskokin baƙi, na ɗaga kai na ga tagar nan a buɗe, sai na gane sun ji komai.

Malam Hudu bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ya fuskanci Baba, ya ce, "Alhaji, ba mu ɓoye muku komai ba. Yaron nan ni na ɗauko shi yana rarrafe, a bayan matata ya girma. Tun da ya buɗe ido a gidana ba wanda ya taɓa ce masa ba ɗan gidan ba ne, sai yau da na kawo ƙafata garinku."

"Baba, wallahi ba shi nake nufi ba," na ce wa Malam Hudu. "Ƙwaro ne."

Kun dai san abin da ake nufi idan aka ce mutum ƙwaro ne. Ƙanen Malam Hudu ya girgiza kai ya ce, "To, yanzu kuma ƙwaro ya zama." Suka miƙe, suka sa takalma, suka bar goron a inda yake, ko ɗaurinsa ba a kwance ba.

Baba bai zage ni ba. Cewa kawai ya yi, "Tashi ka ba ni wuri." A cikin gida labari ya riga ni shiga. Inna tana ta faɗa, tana cewa tun farko ta san karatun ƙwari ba zai ƙare da alheri ba. Wannan duk na iya ɗauka. Abin da ban iya ɗauka ba shi ne Sa'adatu, da na tarar a ƙofar ɗakinta idanu jajur, yarinyar da ke wanke mini kwalabe ba ta taɓa ƙorafi ba. Ta ce, "Yaya, me ya yi maka?" Ba ta jira amsa ba ta saki labule. Raina bai taɓa ɓaci da kaina kamar ranar ba.

Washegari muka kama hanyar Beli, Baba a bayan babur ɗina. Na durƙusa a zauren Malam Hudu, na buɗe kwalba, na zazzage ƙwaro ɗaya a tafin hannuna, na yi bayani tun daga farko. Dattijon ya matso da fuskarsa, ya ƙanƙance ido.

"Wannan ne ɗan Belin?"

"Shi ne, Baba."

"Shi ka yi shekaru kana bin asalinsa?"

"Shi ne."

"Kuma har can ɗin ka duba?"

"Na duba, Baba."

Can sai na ga kafaɗunsa suna motsi, ya rufe baki da hannun riga, ƙanensa kuwa har da buga ƙafa. Na zauna ina sauraron dariyar da na san ta zama rigata har abada. Da ya lafa, ya share ido ya ce, "Na yarda da kai, yaro. Sai dai Kabiru tun jiya bai sa komai a bakinsa ba, kuma magana ta riga ta fita gari. Ba kowa za ka bi da kwalba ba."

Gaskiya ya faɗa. Sai da aka ɗaga maganar har bayan kaka, kafin surutu ya kwanta. Duk tsawon lokacin Sa'adatu gaisuwa ce kawai ke haɗa mu. An dai ɗaura auren, alhamdulillahi, kuma a wurin ɗaurin har wani ya tambaye ni a kunne ko na zo da madubina.

Saura ƙwaron. Mun aika aikin ga wani masani a ƙasar waje, ya daɗe bai amsa ba. Da amsar ta zo, cewa ya yi bambancin da na gani bai isa a raba gida a kansa ba, irin wanda ake samu ne tsakanin 'yan'uwa. Ɗan Beli dai ɗan gidan ne. Shekarun nan duka, da man babur, da idon da na kashe, da auren da na kusa rushewa, abin da suka haifa ke nan.

Ranar sunan ɗan Sa'adatu na fari Malam Hudu ya tambaye ni labarin mutumina. Na faɗa masa gaskiya, kaina a ƙasa. Na zaci dariya zai sake yi. Sai ya dubi Kabiru da ke can yana raba wa baƙi goro, ya ce, "To madalla. Shi ma a bar shi a gidan da ya tashi."

Har yanzu ban gama digirin ba. Amma ƙwarina yanzu lamba nake ba su, ba sunan gari ba, kuma in Farfesa ya kira, bayan gona nake tafiya, ko da wayar ba za ta kama ba.