Gaisuwar Suruki a Cikin Takin Tumaki

Ko tsufa zai kwashe mini hankali, ba zan taɓa mantawa ba da safiyar da na binne kaina da raina.

Ni mai kiwon tumaki ne a wani ƙauye kusa da Anka. Boko kam aji biyu na yi na gudo, amma a baki ba a fi ni ba. Kullum a majalisa ni ne mai bugun ƙirji: "Ranar da mutanen daji suka shigo garin nan, ni za su fara tararwa a bakin hanya." (Allah Ya yafe mini, ko zakara ake yankawa kau da kai nake yi.)

A makon da abin ya faru mura ta kama ni, irin mai toshe hanci kamar an yaɓe shi da laka. Ga kuma labari ya zo 'yan bindiga sun shiga wani gari wajen Bukkuyum sun kwashi mutane. Duk mazaunin yankinmu ya sani, ƙarar babur ɗaya ba komai ba ce, amma in suka yi yawa, cikinka ke fara ji kafin kunnenka.

Da hantsi ina zaune tsakar gida, matata Hajo ta haɗo mini citta da lemun tsami da tafarnuwa a ruwan zafi. Ta miƙo kwalbar zumar da muke cin waina da ita in za mu karya, ta ce in ɗiga kaɗan. Na buɗe murfi ke nan sai na ji su. Babura, ba ɗaya ba, ba biyu ba, sun nufo ƙofar gidana.

Na ce wa Hajo ta gudu (ita dai har yau tana rantsuwa ba ta ji ba). Na faɗa garke. A kusurwa akwai tulin kashin tumaki da nake tarawa tun rani, an rufe da tsohon tamfol. Na tona da hannu kamar gafiya, na kutsa, na ja tamfol. Kwalbar tana hannuna, bakinta ƙasa, zuma na gangara cikin wuyan rigata.

Babura suka mutu. Na ji takun mutane. Na tuna wani ɗan'uwana da aka taɓa ɗauka, ya dawo ko tsayuwa ba ya iyawa. Na ja kalmar shahada. A daidai nan zarnin fitsarin tumaki ya buɗe mini hancin da ya gagari citta. Atishawa ta taso. Na danne ta da hannu biyu, hawaye na zuba.

Sai na ji muryar Hajo: "Lale marhabin da mutanen Gummi!"

Lawali ne, mijin ɗiyata, da ƙannensa. Ni da bakina na ce ya zo ya kwashi taki don gonarsa ta albasa.

Kuna zaton na ji sanyi? Wani tsoron ne ya kori wani. Suruki fa! Mutumin da ko hula ban taɓa cirewa a gabansa ba, shi kuma ko ruwa ba ya sha in ina wurin. Na ce gara in ruɓe a nan har su tafi.

"Inna, Baba hwa?"

"Yana nan kusa, ɗana. Ku hwara ɗibar takinku, ya taho." (Daga baya na gane ta hango takalmina ɗaya a bakin tulin. Matar nan ba ta da imani.)

Shebur ya fara caka, kowane sara yana matso haƙarƙarina. Tururuwa kuma sun gano zuma, sun yi layi cikin rigata. Na daure, na daure, sai atishawar nan ta ƙwace da ƙarar da ta ɗaga tamfol.

"A'uzu billahi!" Ɗaya daga ƙannen Lawali ya yar da shebur ya haura danga. Tumaki suka watse.

Lawali ya yaye tamfol. Na tashi zaune, kashin tumaki ya manne mini tun daga gemu har cibiya, kamar kantun riɗi.

Yaron nan ɗan halak ne. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya sunkuyar da kai.

"Baba, an tashi lahiya? Ya ƙarhin jiki?"

"Da sauƙi. Dubawa nike ko ya ruɓe."

"Ya ruɓe, Baba." Kafaɗunsa kawai ke rawa.

Hajo ta leƙo. "Malam, wanga ne bakin hanyar da kac ce za ka tare su?"

Kafin azahar labari ya riga ni isa majalisa. Yanzu duk wanda ya yi tari sai a ce ya je gidana, akwai magani a garke. Ba ƙarya suka yi ba, murar ta tafi ranar nan. Bugun ƙirji kuwa na bar wa masu shi, kuma duk wanda na yi wa alkawarin taki, nakan roƙe shi ya zo da jaki.